Su a Bakin Tekun Gana: Yadda Ake Kama Amane da Dalilin Raguwarsa

Duk wanda ya ci wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Gana, a zangon Nima ko na Kumasi ya ɗanɗani tekun Gana, ko da bai taɓa ganin sa ba. Garin kifin da ke ba shito ƙamshi, da bandar da ake marmasawa a miya a Tamale da Bolga, yawancinsu daga ƙananan kifaye biyu suke: amane, wato sardin ɗin da Fante ke kira eban, da ɗan mitsitsin nan abobi, wanda ’yan kasuwa suka yi wa laƙabi da ’yan makarantar Keta. Kwale-kwalen katako wajen 12,000 ne ke kawo mafi yawansu, a warwatse a gaɓa mai tsawon kilomita 550, tun daga Aflao a iyakar Togo har zuwa iyakar Kwaddibuwa. Manyan tashoshinsu su ne Elmina, Tema, Jamestown da Chorkor a Akra, Apam, Moree, Shama, Sekondi da Aksim.

Wanda ya saba da su a Kainji ko tafkin Chadi ya san kifi cikar ruwa da janyewarsa yake bi. A wannan gaɓa sanyi yake bi. Daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yakan taso ya maye gurbin na sama. Ɗumin ruwan da ke kaiwa maki 28 ko 29 a ma’aunin Celsius a Maris da Afrilu sai ya sauko ƙasa da 25, wani sa’in har kusa da 20. Ruwan ƙasan nan taki ne, ruɓaɓɓen duk abin da ya nutse yana cikinsa. Da ya sha rana sai ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi ta hayayyafa, teku ya rine ya koma kore-kore, amane ya baro zurfi ya matso gaɓa garke-garke yana kiwo. Kakar masunta ke nan. Akwai wata ƙarama tsakanin Disamba da Fabrairu, amma makonni kaɗan take yi. Abin da ya kamata a riƙe tun yanzu shi ne, a waɗannan watanni na kamu ne kuma amane ke zuba ƙwai. Lokacin da ya fi sauƙin kamawa shi ne lokacin da cikinsa ke cike.

Amanen ma iri biyu ne. Akwai mulmulalle, shi ne mai zuwa da sanyi ya koma zurfi da zarar ruwa ya ɗumama. Akwai shafaffe, mai jure ɗumi da ruwan da gishirinsa ya ragu, don haka ana samun sa kusa da bakin koguna kusan duk shekara. Mulmulallen ne ke cika kwale-kwale a Agusta, kuma shi ne ya fi raguwa.

Jirgi da inji

Gindin kwale-kwalen gungumen ice ɗaya ne, na bishiyar wawa. A daji ake sassaƙa shi, can cikin ƙasa, a ɗoro shi a babbar mota zuwa gaɓa, inda kafintoci za su ƙara masa katako a gefe biyu don ya yi zurfi, su gitta masa benci, su toshe tsagu, sannan a yi masa fenti da suna da tutoci. An zaɓi wawa ne don ba shi da nauyi: ko jirgi ya cika da ruwa ba ya nutsewa gaba ɗaya, mutane na iya rataye a jikinsa har a kawo ɗauki. Aibinsa saurin ruɓewa, ga tsutsar teku mai huda ice, shi ya sa ake jawo shi tudu a kai a kai ya bushe. Manyan bishiyoyin da za su ba da gungumen mita 15 kuwa sun yi wuya. Ƙaramin jirgin mutum ɗaya bai wuce mita 4 zuwa 5 ba, matsakaici 6 zuwa 11, babba na taru kuma daga 12 har kusa da 20.

Inji ya shigo ne a ƙarshen shekarun 1950. Na babban jirgi yawanci mai ƙarfin doki 40 ne, kuma a gefe ake rataye shi, a kan wani katako kusa da ƙarshen jirgin, domin gindin kwale-kwalen tsini ne, babu inda za a ɗaura shi a baya. Irin injin nan fetur haɗe da baƙin mai yake sha. Gwamnati ke sayar da haɗin a rahusa, ana rina shi shuɗi don kada a karkatar da shi gidajen mai, amma duk da haka ana karkatarwa, kuma jiran tankar mai kan tsayar da tasha guda kwana da kwanaki. In an murɗe inji iya ƙarfinsa yakan sha kusan lita 20 a awa. Wannan lissafin shi ke bayan kusan duk shawarar da shugaban jirgi zai yanke. Matsalolin injin sanannu ne: ruwa ya shiga jarka, fulogi ya yi baƙi saboda mai ya yi yawa a haɗi, ko leda ta toshe ramin da ke zuƙo ruwan sanyaya shi. In ɗan ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji ya ɗauke, a kashe nan take, in ba haka ba fistin ya kama. Leda kan naɗe farfela ma, kuma a gaban Akra wannan ba abin mamaki ba ne.

Tashoshi kaɗan ne ke da mafaka. Elmina tana da bakin tafkin Benya, Tema da Sekondi suna da ginanniyar tasha, Jamestown ta samu tata a 2024. Yawancin sauran kan rairayi ake turawa, a fuskanci igiyar ruwa kai tsaye. Igiyoyin jeri-jeri suke zuwa, manya kaɗan sannan ɗan sarari, shugaban jirgi kuwa ƙirga su yake yi. In sararin ya zo sai a tura gaba ɗaya, a tayar da inji, hancin jirgi ya saita igiya cak. Da ya ɗan karkace ta doke shi ta haƙarƙari, kifewa ce. Dawowa ta fi haɗari, don jirgi ya yi nauyi da kifi da jiƙaƙƙen taru. Ana bin bayan igiya ne, kada a riga ta, kada kuma a yi jinkirin da ta baya za ta ɗaga gindin jirgi ta juya shi. Kafin a taɓa yashi a ɗage inji. Sannan a jera gungume ko bututun ƙarfe, mutane su jawo shi tudu da waƙa.

Watsa

Tarun da ya fi kawo kifi shi ne mai zagaye garke a tsuke shi ta ƙasa kamar bakin jaka. Mai manyan ido ana ce masa watsa, mai ƙananan ido na abobi kuma poli, yau kuma galibi haɗa su ake yi a taru ɗaya. Tsawonsa daga mita 400 zuwa 800, zurfinsa mita 35 zuwa 50. Igiyar sama tana ɗauke da ɗaruruwan abin yawo, ta ƙasa darma. A jikin ta ƙasa an rataye zobba, wata doguwar igiya ta ratsa ta cikinsu, ita ce mazugi. A gefe ɗaya akwai wurin da aka saƙa da zare mai kauri da ƙananan ido, nan kifi ke taruwa a ƙarshe. Mutum 15 zuwa 25 ke aikinsa, kuma komai da hannu ake ja.

Neman garke shi ne rabin aikin. Da rana ana duban tsuntsayen da ke shawagi suna faɗawa ruwa, ko wurin da fuskar ruwa ta yi duhu tana ɓalɓal kamar ana yayyafi. Da dare duhu ake so. In garke ya motsa a ruwa mai sanyin nan, ƙananan halittu kan yi walƙiya, sai a hango wani fari-fari a ƙarƙashin ruwa kamar an shimfiɗa zane. Farin wata yana kashe wannan alama, don haka a da masunta kan zauna gida ɗinkin taru in wata ya cika. Wannan hutu ne da kifi ke samu duk wata ba tare da doka ba.

In an ga garke ba a faɗa masa tsakiya. Shugaba zai lura da inda ya dosa da inda ruwa ke ja, ya sha gabansa. A jefa kan taru da babban abin yawo, wani lokaci yaro ya bi shi cikin ruwa ya riƙe. Jirgi ya zagaya da gudu, mutane na zubar da taru, har a dawo inda aka fara. Cikin mintuna kaɗan ake son gama wannan. Amma har yanzu akwai ƙofa biyu a buɗe: giɓin da ke tsakanin kawunan taru a gefen jirgi, da ƙasa. Don giɓin ne samari ke tsalle cikin ruwa suna dukan sa, wasu na buga jikin jirgi, su kora kifi tsakiya. Don ƙasan kuma ake jira darma ta nutse sosai kafin a fara jan mazugi. A nan gwaninta take. In an yi gaggawa, gindin taru bai sauka ba, garke zai bi ta ƙasa ya wuce. In an yi nawa, kifin ya farga ya nutse da kansa. Da zobba suka taru a gefen jirgi an rufe jaka, sai a yi ta jawo raga a hankali har kifi ya matsu wuri ɗaya, a kwashe da ƙaramar koma ko daro. Zagaye ɗaya kan ci awa guda zuwa biyu.

Abin da ke lalata shi yana da yawa. In zurfin ruwa bai kai na taru ba, darma za ta ja ƙasa, in akwai dutse ko tsohon jirgi da ya nutse raga ta yage, aikin ɗinki na kwanaki. Shi ya sa tsofaffin masunta ke riƙe da taswirar ƙasan teku a ka, da gaba suke auna zurfi, suna saita wuri da bishiya ko ganuwar Elmina. In ruwan sama da na ƙasa suna ja daban, taru kan naɗe ya ƙi buɗewa. Garken da ya fi ƙarfin jirgi ma masifa ne, in ya nutse gaba ɗaya yana iya karkata jirgin, dole a saki wani. Tun daga 2011 kuma wata jar ciyawar teku ke zuwa tuli, musamman yamma wajen Aksim, ta cika taru ta hana aiki. Ga jiragen haƙar mai da suka fara aiki a 2010: fitilunsu na tara kifi, amma an hana kowa matsowa ƙasa da mita 500.

Wani tarun kuma, wanda ake kira ali, kalli ne, ba a tsuke shi. Ana shimfiɗa shi da dare ya bi ruwa, amane ya cusa kai ido ya riƙe shi ta wuya. Ya fi watsa zaɓe, tunda wanda ya yi wa ido ƙanƙanta wucewa yake, sai dai cire kifi ɗaya-ɗaya a kan rairayi na cin safiya guda.

A gabas, ƙasar Anlo wajen Keta, inda gaɓa yashi ce zalla, tarun ja ne ya fi yawa. Jirgi zai bar igiya ɗaya a tudu, ya fita ya zuba taru kamar baka, ya dawo da ɗaya igiyar can gaba. Mutum 30 zuwa 50 su kasu biyu su yi ta ja na awoyi, suna matsowa kusa da juna har jakar tsakiya ta fito. Ba ya cin mai sosai, yana ciyar da unguwa guda, amma yankin da yake sharewa nan ne ’ya’yan kifi ke girma.

Masu fatsa kuma, waɗanda ake kira lagas saboda akwatin ƙanƙarar da suke ɗauka, su ba garke suke bi ba. Kan duwatsun ƙarƙashin teku suke zuwa su yi kwanaki, kowa da zare mai ƙugiyoyi da darma, da yankan amane a matsayin koto, suna ciro manyan jajayen kifi na otal-otal. Ƙanƙara ce ke yanke musu ranar dawowa.

Rabo, bashi da banda

Ma’aikacin jirgi ba shi da albashi. A mafi yawan tashoshi ana cire kuɗin mai da abinci, abin da ya rage a raba biyu, rabi na mai jirgi da inji da taru, rabi na ma’aikata, shugaba da mai inji su ɗan fi saura. In ba a kama ba, kuɗin man ya hau kan fita ta gaba. Mai bayar da kuɗin man kuwa sau da yawa mace ce, babbar mai banda, wani lokaci matar mai jirgin, da sharaɗin ita za a fara sayar wa. Kowace tasha tana da sarkin masunta mai sasanta rigima, wanda Fante ke kira apofohene, da shugabar mata, konkohemaa, wadda ke zama a yanke farashin daro da jirgin farko na safe. Talata ranar hutu ce a yawancin gaɓar, ba a shiga teku.

Amane kifi ne mai kitse, cikin awoyi yake sakin jiki, jiragen watsa kuwa ba su cika ɗaukar ƙanƙara ba. Don haka daga daro sai wuta. Murhun da ya mamaye gaɓar shi ne na Chorkor, wanda aka ƙirƙiro wajen 1969 tare da matan wannan unguwa da cibiyar binciken abinci ta Gana da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu, da ƙofar ice a gaba. A kansa ake jera farantan katako masu gindin ragar waya, goma ko fiye, ɗaya kan ɗaya, su zama kamar bututun hayaƙi. A wanke kifi, a jera shi ba tare da ya hau juna ba, a bar shi ya tsane. A fara da wuta mai ƙarfi don ya dahu, sannan a rage ta a bar hayaƙi, ana sauya farantai, na ƙasa ya koma sama. Awa ɗaya zuwa uku na ba da banda mai laushi ta kasuwar gobe, kwana biyu ko uku take yi. Wadda za ta je Techiman, Tamale ko Burkina sai ta sha awa 10 zuwa 18, ta bushe ƙarau, ta iya yin wata shida ko fiye in ana maimaita mata wuta saboda ƙwaro da funfuna. Kifin da aka ɗora da jiƙa yakan manne wa waya ya ɓare. Kitsen da ke ɗiga cikin wuta kuma yana tayar da hayaƙi mai cutarwa, ga mai ci da mai aikin, dalilin da ya sa aka fito da murhun Ahotor mai faranti na tare kitse. Tsadarsa ta hana shi yaɗuwa kamar na laka.

Inda ruwa ya yi tsami

A 1996 an sauke amane sama da tan 130,000 a Gana. A 2016 bai kai tan 30,000 ba, alhali jirage sun ƙaru, taruna sun ƙara tsawo. Ɗumamar teku tana da nata hannu, amma babban dalili kamu ne fiye da kima, ta hanyoyi uku.

Na farko fitila. Ana ɗaukar janareta, a zura ƙwan lantarki mai ƙarfi cikin ruwa, a jira awoyi. Kifi ya taso daga zurfin da taru ba ya kaiwa ya kewaye haske, babba da ƙarami, mai ƙwai da marar ƙwai, sai a zagaye. Fitila ta kawar da hutun farin wata, ta kawar da hutun watannin ɗumi. Wasu har da nakiya ko kabaid suke haɗawa don kifin ya sume. Mata masu banda su suka fi sanin irin wannan kifi, don jikinsa sakwaf yake, yana farfashewa a kan waya. Doka ta hana, dokokin 2010 sun fayyace haka, amma mai bashin man fita uku a kansa ya ga maƙwabcinsa ya dawo da daro hamsin da fitila, wa’azi ba ya shigarsa.

Na biyu idon raga. Doka ta ce kada ya gaza milimita 25 in an miƙe shi, kuma kada a sauke amanen da bai kai santimita 18 ba, kusan girman da yake fara zuba ƙwai ke nan. Poli na abobi kuwa idonsa ya fi haka ƙanƙanta nesa. Abobi ko ya tsufa ƙarami ne, ba a kama shi da babban ido, amma tarun da ya riƙe shi yana riƙe ɗan amane mai wata uku. Wannan kulli ne na gaske, kuma haramci a takarda bai warware shi ba.

Na uku saiko. Manyan jiragen jan raga, masu tutar Gana amma yawancinsu da jarin kamfanonin Sin, lasisinsu na kifin ƙasan teku ne. Sai suka koma kama ƙananan kifin sama da gangan, su daskarar da shi fale-fale, su sayar wa wasu kwale-kwale na musamman a tsakiyar teku, a sauke a Elmina, Apam da Aksim. Wata ƙungiyar kare muhalli ta ƙiyasta cewa wajen tan 100,000 ne ya bi ta wannan hanya a 2017, yawancinsa ’ya’ya. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa’ida ba a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021, daga nan aka matsa har cinikin tsakiyar teku ya ja baya ƙwarai. Masu kwale-kwale da wannan suke kafa hujja: a fara da mai babban jirgi kafin a zo kan fitilarsu. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta wanke fitilar ba.

Maganin da aka fi gwadawa shi ne rufe teku. An so yi a Agustan 2018, masunta suka ƙi, aka fasa. A 2019 aka rufe wa kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da ya yi wa mutane daɗi amma bai dace da zubar ƙwai ba. Daga 2021 zuwa 2024 aka mayar da shi watan Yuli, manyan jirage kuma Yuli da Agusta. Masana Agusta suka so, tsakiyar ƙwai, amma Agusta ce watan biyan bashi. Rufewar wata guda kuma ba ta da amfani in ranar buɗewa za a fito da fitila a kwashe abin da aka tara. A 2023 aka dakatar da rajistar sababbin kwale-kwale na shekara uku. A 2025 gwamnati ta cire masu kwale-kwale daga rufewar, a shekarar kuma sabuwar dokar kamun kifi ta faɗaɗa yankin da aka keɓe musu daga mil 6 na teku zuwa 12, kimanin kilomita 22, inda jirgin jan raga ba shi da izinin shiga. Tsare wannan layi aiki ne na jirgin sintiri da na’urar bin sawu da kotu. Amanen kansa kuma bai san iyaka ba, garken da ke gaban Aksim yau yana gaban Kwaddibuwa jibi, abin da ya sa ita ma ta fara rufe nata ruwan a watan Yuli tun 2023.

A kasuwar Tamale ko Aboabo ana iya karanta halin da tekun ke ciki a cikin kwando. In bandar amanen ta kai tsawon tafin hannu har da yatsu, ta samu damar zuba ƙwai ko da sau ɗaya kafin a kama ta. In kuwa tsawon yatsa ce, ana auna ta da gwangwani tare da abobi, daga poli ko tarun ja ta fito, ko daga ƙarƙashin fitila.